Yawon neman haiku da yara: nazarin fita guda a birnin Matsuyama

Matsuyama birni ne a lardin Ehime, a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan. A nan aka haifi Masaoka Shiki a 1867, wanda ya ɗauki baitin buɗe doguwar waƙar haɗin gwiwa, mai suna hokku, ya mai da shi waƙa mai zaman kanta, ya kuma yaɗa mata sunan haiku. Tarin fuka ya yi ajalinsa a 1902 yana da shekara 34, amma garinsu bai bari abin ya bi shi ba. Akwai akwatunan jefa haiku gommai a wuraren taruwar jama'a, kuma ɗaliban sakandare daga sassan ƙasar sukan haɗu a birnin a watan Agusta su kara a gasar Haiku Koshien, wadda aka fara a 1998, biyar-biyar a kowace tawaga. Gidan tarihin Shiki, wanda aka buɗe a 1981, yana gefen lambun shaƙatawa na Dogo. Sunan unguwar ke nan, ba ruwansa da tsawo.

A manhajar firamare ta Japan, 'yan aji uku da huɗu karanta haiku suke yi da murya, su haddace. Sai a aji biyar da shida ake sa su tsara nasu. Saboda haka lamarin da za mu bi shi ne na aji biyar, yara talatin 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya, a watan Oktoba, da darasi uku na minti 45 kowanne, da ƙarin lokaci na rubutu bayan an dawo. Wurin zuwa shi ne wannan lambu na Dogo, mai ɗan tudu da ruwan tsohuwar ganuwa a gindinsa. Irin wannan fita ta neman waƙa Japanawa suna kiranta ginko. Abin da malami yake so shi ne kowane yaro ya dawo da haiku guda wanda ya fito daga abin da idonsa ko kunnensa ko hancinsa ya kama. Abin da yakan samu, in bai yi shiri ba, shi ne waƙa talatin masu kama da juna kamar an tsaga kara, kowace tana cewa an je lambu, an ga ganye, an ji daɗi.

Dalilin hakan yana da sauƙin ganewa. Haiku layi uku ne, ana ƙirga bugun sautin kowane layi: biyar, bakwai, biyar. A Japananci kalmomin da yaro ya fi saurin kaiwa gare su, tanoshii na, ureshii na, kirei da na, wato da daɗi, da farin ciki, da kyau, kowacce bugu biyar ce cif. Yaron da ya rubuta layi biyu ya rasa na uku sai ya toshe ramin da ɗaya daga cikinsu, lissafi ya cika, ya ajiye fensir. Malamin da ya fara darasi da ƙidaya shi ya jawo wannan, domin ya nuna wa yara cewa aikin cike gurbi ne.

Shiri kafin a fita

Darasin farko a cikin aji ake yinsa, kuma ba a fara shi da biyar-bakwai-biyar. Ana karanta waƙoƙi uku ko huɗu, bayan kowacce a yi tambaya guda: da wace gaɓar jiki mawaƙin ya kama wannan? Akwai wadda Matsuo Basho ya yi a wurin ibadar Yamadera a 1689, inda wurin ya yi tsit har kukan ƙwaron semi ya zama kamar yana ratsa duwatsu. Wannan ta kunne ce. Akwai ta Shiki ta 1895, inda yana cin 'ya'yan kaki sai ƙararrawar wurin ibadar Horyuji ta buga. Wannan harshe da kunne ne a haɗe. Kaki ɗan'uwan kanya ne, dangi ɗaya suke, sai dai ya kai girman tumatir. Yara suna gane kansu cewa a cikin waƙoƙin nan babu inda mawaƙin ya ce ya ji daɗi ko ya ji kaɗaici. Ya ajiye abin ne a gaban mai karatu ya ja da baya.

Wannan ita ce koyarwar da Shiki ya kira shasei, kalmar da ya aro daga masu zane: ka zana abin da ke gabanka yadda yake. A shekarunsa na ƙarshe yana kwance ba ya iya tashi, ta ƙofar gilashi yake kallon ɗan lambun gidansa a Tokyo, daga nan ya fitar da waƙoƙi masu yawa. Malamin da yake ganin sai an yi hayar mota an tafi daji mai nisa ya tuna da wannan. Filin makaranta ma ya wadatar.

Abu na biyu shi ne kigo, kalmar da ke nuna yanayin shekara, wadda kowane haiku na gargajiya yake ɗauke da guda. Akwai kundin waɗannan kalmomi mai suna saijiki, an kasa shi biyar: yanayi huɗu na shekara da kuma sabuwar shekara. Kwaɗo na haru ne, lokacin da sanyi ke janyewa furanni su fito. Semi na lokacin zafi ne. Wata, in an ambace shi shi kaɗai, na kaka ne, haka ma mazari. Kundin yana bin tsohuwar kalanda, inda kaka ke kamawa wajen 7 ko 8 ga Agusta, shi ya sa kankana ta faɗo cikin kalmomin kaka, abin da kan ba yaran Japan ɗin kansu mamaki. Ba a ba ɗan aji biyar kundin gaba ɗaya. Malami ya zagaya lambun kwana ɗaya ko biyu kafin fitar, ya rubuto kalmomi goma sha biyar zuwa ashirin na abin da yake wurin a zahiri: donguri, wato ƙwayar itacen oak da ke zubewa a ƙasa, jan mazari, kukan gyare, kaki, sararin sama na kaka, da kinmokusei, wani ɗan fure ruwan lemo da ake jin ƙamshinsa kafin a gan shi. In malami ya kwafo jerin daga littafi bai je wurin ba, yara za su rubuta abin da ba su gani ba, su sa farin wata a waƙar da aka yi da ƙarfe goma na safe.

Wannan zagaye na malami shi ne kuma na duba haɗari. A kakar Japan manyan rina da ake kira suzumebachi sun fi faɗa, kuma harbinsu na iya kisa. Akwai maciji mamushi a cikin ciyawa kusa da ruwa, akwai itacen urushi da danginsa masu sa ƙaiƙayi da ƙuraje, sannan naman 'ya'yan itacen ginkgo da ke zubewa yana ƙona fatar wasu. In an yi fitar a lokacin zafi, ƙa'idar makarantun ƙasar ita ce a dakatar da motsa jiki a waje idan ma'aunin zafi da laima na WBGT ya kai 31.

Fitar kanta

Kaya kaɗan ne. Kowane yaro da allon rataye a wuya mai maƙale takarda, irin wanda 'yan firamaren Japan suka saba fita da shi, da fensir biyu, da hula, da gorar ruwa. Fensir, domin biro yana ƙin rubutu in takarda ta yi laima ko an rubuta a tsaye. Takardar an raba ta gida biyar, ido, kunne, hanci, fata, harshe. Babba ɗaya ga yara takwas zuwa goma, kowane rukuni kuma ya fara daga tasha daban, don yara talatin a gindin itace guda ba abin da za su ji sai junansu.

Nisan tafiyar kada ya wuce mita ɗari uku zuwa ɗari biyar, da tsayawa biyar, kowace minti huɗu zuwa biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne doguwar hanya. Malami yana gaba yana kallon agogo, na baya suna gudu su cim ma na gaba, a dawo da gajiya da takarda fara fat.

A fara da kunne, ba ido ba. Ido ya riga ya saba, yaro na ganin itace zai rubuta "itace" ya ɗauka ya gama. A tashar farko kowa ya tsaya, ya rufe ido, a yi shiru na minti ɗaya, duk sautin da ya ji ya lanƙwasa yatsa guda. Daƙiƙa ashirin na farko dariya ce da tari na ƙarya, wannan ba makawa, a bar su. Bayan nan sautuka ke fara rabuwa: tsuntsu a kusa, wani a nesa, jirgin cikin gari a kan titi, ganye busasshe yana jan ciki a kan siminti. Wasu malamai kan hana rubuta ƙarar mota don wai ba halitta ba ce. Kuskure ne. Ƙararrawar Horyuji ma hannun mutum ne ya buga ta.

A tashar ido, a taƙaita fili. Yaro ya haɗa yatsun hannayensa biyu ya yi 'yar taga, ko a ba shi zare mai tsawon mita ɗaya ya yi da'ira a ƙasa, ya kalli abin da ke ciki kawai na minti biyu. Tambayar malami ita ce ke gyara komai a nan. In yaro ya rubuta "ganye ja", a tambaye shi: duka ja ne, ko daga baki? Akwai huda? Me ke tafiya a kansa? Amsa ta biyu ko ta uku ita ce ƙwayar waƙar. Kada babba ya faɗi sunan kowane tsiro da zarar an nuna masa, domin da suna ya fito kallo ya ƙare.

Taɓawa da bayan hannu ake farawa, kuma abin da malami ya riga ya duba kawai: bawon itace, dutsen da rana ta taɓa da wanda ke inuwa, santsin donguri da kaushin 'yar hularsa. Hanci shi ne gidan da ke dawowa babu komai a yawancin takardu, saboda kalmomin wari da ƙamshi kaɗan ne a bakin yaro. Maimakon "wane irin ƙamshi ne", a ce "me ya tuna maka?" Sai ka ji an ce sabulun kakata, ko cikin akwatin takalmi. Warin ginkgo da ya ruɓe a ƙasa yakan fi ƙamshin fure samar da waƙa, don ba yaron da zai ce yana da kyau, dole ya nemi wata magana. Harshe kuwa, ba a ɗanɗana komai daga lambun. Malami ya zo da yankakken kaki daga gida, bayan ya tambayi iyaye ko akwai wanda wani abinci ke tayar wa jiki.

Doka ɗaya ce a duk tsawon tafiyar: ba a rubuta waƙa. Guntayen kalmomi kawai, aƙalla goma. Yaron da ya fara ƙidaya da yatsu a tasha ta biyu ya daina ji da gani ke nan.

Daga guntaye zuwa layi uku

A yi rubutun a ranar, da an dawo, kafin abin ya huce. Hanyar da ta fi yi wa masu koyo sauƙi ita ce toriawase, wato haɗa abu biyu. Natsui Itsuki, mawaƙiyar haiku da ke zaune a Matsuyama, wadda ta taɓa koyarwa a ƙaramar sakandare kuma ta daɗe tana zagaya makarantu da taron haiku, ta shahara da koyar da ita: ka fara da magana mai bugu goma sha biyu wadda babu kigo a cikinta, sannan ka ɗora kigo mai bugu biyar a sama ko a ƙasa. Yaro ya zagaye guda cikin guntayensa, wanda yake ganin ba wanda ya lura da shi sai shi, ya mai da shi layi biyu, sannan ya gwada kigo uku daban-daban ya ji wanda ya zauna. Tsakanin sassan biyu akwai yanka. A Japananci ana yinsa da ƙananan kalmomi irin su ya, kana, keri. A wani harshe numfashi ko waƙafi ya isa.

Ga yadda matsalar take idan aka kwatanta da Hausa. Wannan ya cika lissafin gaɓa daidai:

Yau mun je lambu
mun ga furanni masu
kyau, na ji daɗi

Jimla ɗaya ce aka datsa uku, har an raba "masu" da "kyau" don ƙidaya ta fita, kuma duk yaron da ke ajin zai iya rubuta ta ko bai fita ba. Amma a ce a takardar yaron akwai guntun da ya ce ƙudan zuma ya shiga fure ya fito ƙafarsa ta canza launi:

Furen kabewa
ƙudan zuma ya fito
ƙafa rawaya

Gyaran malami ya tsaya a tambaya. Da ya ɗauki jan biro ya sauya kalma, waƙar ta zama tasa, kuma yaron ya sani. Abin da ake dubawa uku ne. Kalmar jin daɗi ko kyau, a cire a maye da abin da ya jawo ta. Kigo biyu a waƙa ɗaya, wanda Japanawa ke kira kigasanari, a bar guda, don wuri ya yi kaɗan a ɓata shi wajen faɗin abu ɗaya sau biyu. Sai bayani: duk inda "saboda" ta shigo, yaro ya fara yi wa mai karatu fassara. Kalmomin amsa-kama kuwa a bar su su shigo. Japananci cike yake da su, kasa-kasa shi ne motsin busasshen ganye, kuma Hausa ba ta gaza ba da su ƙaras, tsit, tsundum.

Taron zaɓe

Darasi na uku shi ne kukai. Kowane yaro ya rubuta waƙa ɗaya a siririyar takarda ba suna. A cakuɗa, a raba, wani daban ya kwafe ta da hannunsa don kada a gane rubutu, a sa lamba. Kowa ya zaɓi uku, ban da tasa. A karanta waɗanda aka zaɓa da murya, masu zaɓe su faɗi abin da suka gani a ciki, sai a ƙarshe mai waƙar ya ambaci sunansa. Wannan ɓoye suna shi ne ƙarfin tsarin. Yaron da ba ya magana a aji yakan samu ƙuri'a fiye da gwanin jarrabawa, kuma ajin gaba ɗaya ya shaida ba alfarma aka yi masa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne waɗanda ba su samu ko ƙuri'a ɗaya ba, kuma a aji mai talatin ba za a rasa su ba. Ba a rubuta sakamako a allo daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Malami ya riƙe nasa zaɓin sai ƙarshe, ya ɗauko daga cikin waɗanda aka tsallake, ya nuna takamaiman kalmar da ta nuna an kalli abu da gaske. Yabon "ka yi ƙoƙari" ba ya ruɗin ɗan shekara goma. Waƙar ban dariya takan kwashe ƙuri'u a karon farko, ba laifi ba ne, Kobayashi Issa ma da raha ya yi suna a waƙoƙinsa na ƙwari da ƙananan dabbobi.

In da Hausa za a yi

Abin da Japanawa ke ƙirgawa ba gaɓa ba ce. Suna kiransa on, bugu ne na tsawon sauti. Tokyo bugu huɗu ne, to-o-kyo-o, haka ma Nippon, ni-p-po-n. Bature yakan sha wuya kafin ya ji wannan, amma duk wanda ya san karin rubutacciyar waƙar Hausa ya san gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi bugu ɗaya, mai nauyi biyu. "Damina" gaɓa uku ce, amma bugu biyar, daa-mi-naa, ita kaɗai ta cika layin farko a ma'aunin Japan. Da wannan ma'auni haiku na Hausa zai tsaya a gaɓa goma ko sha ɗaya. Ga manyan ɗalibai gwaji ne mai daɗi. Ga 'yan firamare gara a ƙirga gaɓa, tunda rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, kuma in ɗaya ta ƙaru ko ta ragu a ƙyale. Gasar haiku ta yaran duniya da gidauniyar JAL ke shiryawa duk shekara biyu tun 1990, ga 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, layi uku take nema tare da zanen yaron.

Kigo ne ba ya ƙaura. Kafafen labarai kan fassara haru da bazara, alhali bazararmu zafi ne mai sa kwana a waje. Ƙungiyoyin haiku na ɗalibai da suka taso a unguwar Kayole ta Nairobi a 2006 sun ci karo da wannan, sai suka gina nasu kundin a kan yanayin Kenya, damina biyu da rani biyu. Ajin da ke Zariya ko Damagaram shi ma nasa zai gina, kuma kayan suna nan: shinge bayan ruwan fari, kukan kwaɗi da damina, fara da sabuwar gyaɗa da kaka, hazo da kaushi da hunturu, mangwaro da bazara. Dokar kigo guda tana aiki a nan ma. "Hazon hunturu" maimaici ne, hazo ya riga ya faɗi lokacin:

Hazon safiya
makiyayi na tari
bayan shanunsa

Ga kuma toriawase, inda sassan biyu ba su yi wa juna bayani ba, amma duk ɗan manomi ya san abin da ya haɗa su:

Shamuwa ta zo
Baba na gyaran ƙota
a bakin zaure

Kundin ajin a babbar takarda ake manna shi a bango, kowace fita a ƙara kalma biyar ko shida da kwanan watan da aka ga abin, a yi fita huɗu ko biyar a shekara a hanya ɗaya, a tsaya a gindin itatuwa ɗaya. In akwai gawo a hanyar a sa shi cikin tashoshin. Shi da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai an shiga rani ya yi kore shar, don haka "ganyen gawo" a gidan rani za a rubuta shi, "inuwar gawo" ma haka.